Idan komai mai jiki ne, ina dokar hankali take zaune?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya muna shan shayi a Zango, abokina ya ce babu abin da ke akwai sai mai jiki: ƙasa, ruwa, ƙwaƙwalwa. Na nuna masa randar da ke gindin dalbejiya, na ce ba ta zama cike kuma fanko a lokaci guda. To wannan dokar, nauyinta nawa? Wallahi abin ya hana ni barci.

Malamin Lissafi: Ƙanena, zai ce maka dokar bayani ce kawai na yadda abubuwa suke, ƙwaƙwalwa ta koya daga gani. Amma gani yana nuna abin da ya faru ne, bai nuna abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Nan nake ganin ya maƙale.

Yaya Mairo: A makarantar zaure mun karanta hukuncin hankali uku: wajibi (abin da dole ya kasance), mustahili (abin da ba zai taɓa yiwuwa ba), ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi kasancewa). Ƙunar wuta kuwa hukuncin al'ada ce, wato abin da aka saba gani yana faruwa. Zaman randarka cike kuma fanko a lokaci guda yana cikin mustahili.

Ɗan Birni: Na gode Yaya. Gobe zan tambaye shi ko dokar ta kama randar tun kafin a haifi mai tunani.