Fenti da tayil ba sa fitowa daidai a SketchUp

Maizane: Assalamu alaikum, malamai. Ina zana gida mai ɗaki uku da falo a SketchUp, manhajar zanen gini a kwamfuta, kuma abubuwa biyu sun ɗaure mini kai. Fentin bangon falo yana fitowa daidai a cikin manhajar, amma da zarar na kai zanen zuwa manhajar Lumion domin fitar da hoto, sai wani sashe ya fito babu launi. Tayil ɗin ƙasa kuma yana rawa tsakanin launi biyu duk lokacin da na juya zanen. Mai gidan yana son ganin hoto kafin a sayi tayil, don haka ina neman shawara.

Injiniya Bakano: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka zargi kwamfutarka, ka duba fuskokin bangon, domin a SketchUp kowace fuska tana da gaba da baya, kuma kowane ɓangare yana ɗaukar fentinsa daban. Ka shiga View, ka zaɓi Face Style, sannan Monochrome. Gaba zai fito fari, baya kuma shuɗi mai duhun toka. Duk bangon da ya nuna maka shuɗi daga inda kake kallo, to a bayansa ka shafa fenti, kuma manhajojin fitar da hoto da yawa gaban suke dogara da shi. Ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse) a kan fuskar, ka zaɓi Reverse Faces, sannan ka duba ko fentin ya zauna a gaba, in bai zauna ba ka sake shafawa. A ganina, bin bango ɗaya bayan ɗaya ya fi Orient Faces, mai juya fuskoki da yawa lokaci guda, wadda takan juya har abin da ba ka nufa ba idan zanen ya cakuɗe.

Hajiyar Taswira: Rawar tayil kuwa alama ce ta fuska biyu da suka hau kan juna a wuri ɗaya, sai manhajar ta rasa wadda za ta nuna. Galibi daɓen siminti ne da shimfiɗar tayil. Ka goge ɗaya, ko ka ba tayil ɗin kaurinsa na gaskiya, kamar milimita 10.

Ɗalibin Gini: Ƙari a kan bayanin Hajiya, idan tayil ɗin ya fito a karkace ko ya yi girma, wataƙila an haɗa fuskokin a rukuni guda (Group), aka shafa rukunin gaba ɗaya daga waje. Sai an buɗe rukunin an shafa fuskar kanta kafin Texture da Position su bayyana idan ka danna maɓallin dama, a ba ka damar daidaita layukan tayil da bakin ƙofa.