Kotu ta dakatar da naɗin shugabar makarantarmu: wa zai riƙe ofis kafin hukunci?

Malam Sabi'u:

Assalamu alaikum. Ni mamba ne a ƙungiyar iyaye da malamai ta wata sakandaren al'umma a jihar Kano, wadda jama'ar unguwa suka gina da gudummawarsu, kuma kwamitin amintattu ne yake tafiyar da ita. Da tsohon shugaban makarantar ya yi ritaya, mataimakinsa ya ci gaba da riƙon ƙwarya har kwamitin ya tallata gurbin, ya gana da masu nema, ya zaɓi wata malama daga waje. Ana gab da miƙa mata ragama sai mai riƙon ya kai ƙara, yana cewa tsarin mulkin makarantar ya tanadi a fara duba na cikin gida, kuma mambobin da suka zauna ranar zaɓen ba su kai adadin da ake buƙata ba. Alƙali ya ba da umarnin wucin gadi cewa kowa ya tsaya inda yake, ba tare da ya ji ta bakin kwamitin ba. Yanzu takardar tana manne a ƙofar ofis, malamai sun rabu gida biyu, banki ya ƙi karɓar sa hannun kowa, ga rajistar WAEC ta 'yan aji shida ta matso. Shin wannan umarni yana nufin mai riƙon ya yi nasara ke nan? Kuma kwamitin zai iya yin biris da shi, tunda an bayar da shi a bayan idonsa?

Barista Hadiza:

Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tambayoyinka duka biyun ita ce a'a. Umarnin da ake bayarwa bayan an saurari ɓangare ɗaya kawai ba hukunci ba ne, kuma bai ce wane ne halastaccen shugaba ba. Aikinsa shi ne ya tsayar da al'amura yadda suke har a kira ɗaya ɓangaren. Shi ya sa ba ya daɗewa, kwana bakwai ne ko goma sha huɗu gwargwadon dokokin kotun da ta bayar, sai fa idan an tsawaita shi. Bayan haka ne ake sauraron buƙatar da aka sanar da kowa, wadda idan aka amince da ita za ta ci gaba da aiki har ƙarshen shari'ar. A shari'ar Kotoye da Babban Bankin Nijeriya ta 1989, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ba a ba da irin wannan umarni sai akwai gaggawa ta haƙiƙa, ba wadda mai ƙara ya jawo da jinkirinsa ba, kuma sai ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan daga baya ta bayyana cewa bai cancanci samunsa ba.

Duk da haka, matuƙar ba a soke shi ba, wajibi ne a bi shi, ko da kwamitin yana ganin an yaudari alƙali. A shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu ta 1986, gwamnatin soja ma Kotun Ƙoli ta tsawatar mata kan ɗaukar doka a hannunta alhali magana tana gaban kotu, balle kwamitin makaranta. Wanda ya canza kwaɗon ofis ko ya zaunar da sabuwar shugaba, za a iya aika masa da fom 48, wato takardar gargaɗi kan sakamakon saɓa umarnin kotu, sannan fom 49, wadda ke kiransa ya faɗi dalilin da zai hana a hukunta shi, daga nan sai tuhumar raina kotu, wadda ke iya kai mutum gidan gyaran hali. Hanyar da ta dace ita ce lauyan kwamitin ya shigar da buƙatar janye umarnin cikin gaggawa, ya haɗa da takardar rantsuwa, da bayanan zaman da aka yi, da jerin waɗanda suka sa hannu a ranar. Idan mai ƙara ya ɓoye wa alƙali wata muhimmiyar gaskiya, misali cewa shi ma ya nemi muƙamin ya kuma halarci ganawar ba tare da ƙorafi ba, wannan kaɗai yakan isa a janye umarnin.

Sannan ka duba mana wace kotu ce ta ba da shi. Tun gyaran tsarin mulkin ƙasa na uku na 2010, sashe na 254C ya keɓe wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin shari'o'in aiki da ɗaukar ma'aikata, kuma tana da reshe a Kano. Idan ƙarar ta tsaya a kan haƙƙinsa na ma'aikaci kuma aka kai ta Babbar Kotun Jiha, to akwai maganar hurumi, wadda ake fara warwarewa kafin komai.

Alhaji Garba, tsohon shugaban makaranta:

Barista ta gama bayanin doka, ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne yaran. Shugaban makaranta ne yake tabbatar da sunayen masu rubuta WAEC da NECO da makinsu na aji, shi ne kuma yake sa hannu a takardar shaidar kammalawa, kuma waɗannan hukumomi ba za su ɗage ranar rufe rajista don wata makaranta tana shari'a ba. Shawarata ita ce lauyoyin ɓangarorin biyu su tsaya gaban alƙali su amince da wani babban malami da ba ya cikin rigimar, a ba shi ikon sa hannu kan albashi da jarrabawa kawai, a rubuta hakan a matsayin umarnin kotu domin banki ya samu abin riƙewa. Wannan ba ya rage haƙƙin kowa a shari'ar. A Kano kuma akwai cibiyar sulhu da ke ƙarƙashin Babbar Kotu, inda ake zama a sasanta irin wannan cikin ɗan lokaci, kuma mutanen da za su ci gaba da haɗuwa a masallaci ɗaya sun fi kowa buƙatarta.

Malama Rabi:

Ina girmama bayanin Barista, amma ni ban gamsu da sauƙin da ake samun irin wannan oda ba. Duk mun ga umarnai masu karo da juna da kotuna suka bayar a rikicin masarautar Kano a 2024, kuma a Disamban 2021 hukumar NJC mai kula da alƙalai ta hana alƙalai uku ƙarin girma saboda irin haka a rigimar shugabancin PDP. Wace gaggawa ce a cikin miƙa ragamar makaranta da ba za a iya jinkirta kwana biyu a kira kwamitin ba? Malamar da aka zaɓa, mai yiwuwa ta riga ta ajiye aikinta na baya, kuma ba wanda ya tambaye ta komai.

Barista Hadiza:

Ƙorafinki yana kan hanya, Malama, kuma irinsa lauyan kwamitin zai gabatar. Sai dai mai ƙara ma yana da dalilin hanzari, domin kotu ba ta saba hana abin da aka riga aka kammala ba. Da malamar ta shiga ofis, da wuya ya samu umarnin. Amma a ƙarshen shari'ar ƙafarsa ba ta da ƙarfi kamar yadda magoya bayansa suke zato. Ma'aikacin da doka ta tsara aikinsa, irin malaman jami'ar da ke cikin shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, kotu na iya mayar da shi kujerarsa, amma a makaranta mai zaman kanta abin da aka saba shi ne diyya, kuma riƙon ƙwarya ba ya ba mutum haƙƙin a tabbatar masa da muƙami. Inda kwamitin zai iya faɗuwa shi ne batun adadin mambobi. Idan tsarin mulkin makarantar da aka yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ya faɗi adadi kuma ba a cika shi ba, za a iya rushe zaɓen a ce a sake, ba tare da an ba mai ƙara kujerar ba.

Malam Sabi'u:

Allah Ya saka da alheri. Na duba takardar, Babbar Kotun Jiha ce ta bayar, kuma an sa ranar dawowa a mako mai zuwa. Za mu nemi sakataren kwamitin ya fito da littafin zama, sannan mu iyaye za mu rubuta wa ɓangarorin biyu kan shawarar Alhaji Garba. Barista, ƙungiyar iyaye tana iya neman a sa ta cikin shari'ar domin ta yi magana kan rajistar yaran, ko sai ta bi ta hannun lauyan kwamitin?