Mazauna Sin, me kuka ci karo da shi a kafofin sada zumuntar ƙasar, WeChat da Weibo, kan masu neman jinsi ɗaya?

Ɗalibar likitanci, Wuhan:
Assalamu alaikum. Abokiyar karatuna 'yar Sin ce ta turo min wani dogon rubutu a WeChat kan matan da suke kira "tongqi", wato matar da ta auri ɗan luwaɗi ba ta sani ba. Iyaye sun matsa wa ɗansu tilo sai ya kawo jika, ya yi aure don a bar shi ya huta, ita kuma ta ƙare shekarunta tana zargin kanta. Na karanta har ƙarshe na kasa cin abinci. Matsayina na addini yana nan daram, amma tausayin matan nan ya kama ni ƙwarai. Ku me kuka gani?

Ɗan kasuwa, Guangzhou:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ina nan a watan Afrilun 2018 da Weibo ya sanar zai share duk abin da ya shafi masu neman jinsi ɗaya. Tafintana ya nuna min yadda mutane suka yi ca, har da iyaye masu sa hotonsu da 'ya'yansu. Kwana uku aka yi kamfanin ya janye. Shi ne ya faɗa min tun 1997 aka cire laifin da ake kama su da shi, a 2001 kuma aka cire su daga jerin masu taɓin hankali. Wallahi da ban san haka ba.

Tsohon ɗalibi, Beijing:
Alhaji, wancan zamanin ya wuce. A Yulin 2021, cikin dare ɗaya WeChat ya rufe shafukan ƙungiyoyin ɗalibai masu neman jinsi ɗaya na jami'o'i irin su Tsinghua da Peking da Fudan. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi yana rubutu a ɗaya daga ciki. Da safe ya duba, ko sunan shafin babu, rubutun shekaru ya tafi. Ya zauna bakin gado bai ce uffan ba. Abin da ya fi damunsa, can ne mahaifiyarsa ke karantawa a ɓoye, don gaba da gaba ba su iya maganar.

Ma'aikacin jinya, Shanghai:
Ni ta ɓangaren lafiya na san abin. Yawancin samarin da ke zuwa gwajin ƙanjamau inda nake koyon aiki, ta Blued, wata manhajar haɗuwar 'yan luwaɗi, suka ji inda ake yi. Ma Baoli, tsohon ɗan sanda, shi ya kafa ta a 2012. Wani yaro ɗan shekara 19 ya zo hannunsa na rawa, ya ce wata biyu yana karanta bayanin a waya kafin ya iya shigowa.

Ɗalibar likitanci, Wuhan:
Yaya, ya dawo karɓar sakamakon kuwa?

Ma'aikacin jinya, Shanghai:
Ya dawo, tare da yayarsa.