Kumburin ido da mura a kajin gida: abin da masu kiwo suka gani

Wata uwargida daga Funtuwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwo. Tun da hunturun bana ya kama kajina suke atishawa, wasu kuma ido ɗaya ya kumbura har kwantsa ta manne shi, ga majina mai wari tana zuba daga hanci. Da dare idan na tsaya bakin akurki ina jin numfashinsu kamar minshari. Babu wadda ta mutu tukuna, amma ƙwai ya ragu, kuma abin ya fara ne bayan maigida ya sayo zakara a kasuwa. Ina roƙon wanda ya taɓa ganin irin wannan ya ba ni shawara.

Wani dattijo daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Warin majinar da shigowar sabon zakara su suka sa nake kyautata zaton cutar da likitocin dabbobi ke kira koraiza ce, domin haka ta zo wa kajina. Tana bayyana cikin kwana 1 zuwa 3 bayan kamuwa, tana kuma bin mazubin ruwan sha daga kaza zuwa kaza. Ba ta cika kisa da kanta ba. Yunwa ce ke kayar da kazar da idonta ya rufe, tunda ba ta ganin tsaba. Ni na ware marasa lafiyar, na riƙa goge musu ido da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali na gishiri a rabin lita, ina kai musu jiƙaƙƙiyar dusa har baki, likita kuma ya ba ni maganin zubawa a ruwa. Abin da ya kamata ki sani shi ne kazar da ta warke tana ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar, shi ya sa zakara zai iya zuwa garau a ido amma ya shafa wa gida duka. Yanzu duk kazar da na sayo sai ta yi mako 2 zuwa 3 a keɓe.

Wata mai kiwo daga Maraɗi:
Baba ya yi gaskiya, amma Yaya, ki duba akurkin ma. Nawa kajin hawaye suke yi suna runtse ido, ba wari ba kumburi, ashe ledar da aka toshe tagogi da ita saboda sanyi ce ta tara warin kashinsu a ciki. Likita ya ce in durƙusa daidai tsayin kaza in shaƙa, idan idona ya yi yaji to nasu ya daɗe yana yi. Da aka kwashe kashin, aka shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa, aka buɗe kafar iska ta sama, sai suka warware ba tare da magani ba.

Wani matashi daga Bukuru:
Hajiya, abin da ya kwantar mini da hankali a bayaninki shi ne babu mutuwa. Idan kika ga koren zawo, ko kaza tana murɗe wuya tana haki da baki buɗe, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, to wannan Niyukasil ce, wadda ta taɓa share mana akurki a irin wannan lokaci, kuma kafso ba ya yi mata komai. Rigakafi kaɗai ke tare ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a jihar Filato, tana yin rigakafin Niyukasil mai suna I-2, wanda ke jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga shi a ido, ana maimaitawa kusan duk wata 4, amma lafiyayyu ake yi wa, ba waɗanda suka riga suka kamu ba. Idan kuwa suna mutuwa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, kada a yanka, kada a jefar a bola, a sanar da ofishin dabbobi, domin tun 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna ba ta daina dawowa ba.

Wata malama daga Gusau:
Ina roƙon 'yan'uwa mu daina ɗiga wa kaji ruwan barkono ko kananzir a ido. Na ga kazar maƙwabciyata ta makance a dalilin haka, abin ya ba ni tausayi matuƙa. Nawa kuwa kumfa ce ke taruwa a gefen ido, ciwon yana tafiya a hankali, yana lafawa yana dawowa da sanyi, aka ce maikofilasma ce, wadda ke bi ta cikin ƙwai ta kama 'yan tsaki. Saboda haka na daina ba da ƙwan waɗannan kajin a kwanta. Sannan duk maganin da aka ba ki, ki tambayi kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Uwargidan Funtuwa:
Allah ya saka muku da alheri. Na ware masu kumburin da mazubin ruwansu daban, na cire buhunan da ke jikin tagar akurkin, gobe kuma yaro zai kai wa likita kaza ɗaya ya duba kafin mu sayi magani. Baba, shi zakaran fa, a bar shi a keɓe ne ko a yanka shi idan likita ya ce babu laifi?