Tsofaffin kujerun karammiski: in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga wasu kujeru biyu masu hannu wurin 'yan gwanjo, na karammiski kore, irin na da. Katakon maɗaci ne, nauyi sosai, kuma raina ya biya.

Abin da ya tsayar da ni, ƙasan ƙafar ɗaya akwai 'yan ƙananan ramuka, in an ƙwanƙwasa gari na zubowa. Kafinta ya ce ƙwaro ne, amma bai tabbatar ko ya mutu ba. Ina tsoron ya shiga sauran kayan ɗakina. Gashin karammiskin kuma ya kwanta wurin ɗora hannu. Mai kushin ya ce a sauya yadin, ni kuwa yadin nake so.

Don Allah, akwai maganin ƙwaron nan? Kuma tururi zai tada gashin?