Sosej da konbif: nawa ne kason mutum ɗaya?

Uwargida_Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Dokta ya ce maigidana ya rage ƙiba saboda hawan jini, shi kuma ba ya karyawa sai da burodi da ƙwai da sosej, ran da babu sosej to konbif na gwangwani, wani lokacin ma ya sayo yankakken naman nan mai sanyi daga mol, na kaza ko salami na shanu. Ba ni da sikeli a kicin. Yaya zan gane kason mutum ɗaya, kuma kalori nawa ke ciki? Abin na damuna wallahi.

Ɗan_Asawase:
Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba sai kin sayi sikeli ba, ledar ma ta ishe ki. Duba nauyin da aka rubuta a jiki ki raba da yawan abin da ke ciki. Sosej ɗin kaza da muke saya a kol sto, wato shagon daskararren nama, yawanci giram 340 ne guda 10, kin ga kowanne giram 34 ke nan, a bayan leda kuma sun sa kalorin giram 100 wanda yakan kama 200 da wani abu, to guda ɗaya wajen 80 ne. Na mol in sun yanka akwai 'yar takardar da suke mannawa mai nauyi da kuɗi, in ya kawo gida ki ƙirga yankan ki raba. Ki dai kula, kcal, wato kalori, za ki duba ba kJ ba, shi kJ wani ma'auni ne daban da lambarsa ta ninka ta kcal sau huɗu da ɗoriya.

MaiShayi_Alabar:
Hajiya ni da nake kan tebur kullum zan gaya miki, man suya ne ke ɓata lissafin. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, ya fi sosej guda, kuma wa ke tsayawa a cokali ɗaya in ana soya ƙwai biyu da albasa? Ki tsattsaga sosej ɗin ki ɗora a kasko ba mai da ƙaramar wuta, da kansa zai fito da nasa man. Konbif kuwa giram 100 wajen 250 ne, in kin buɗe gwangwani za ki ga farin kitse ya daskare a gefe, ki kankare shi da cokali kafin ki zuba.

Anti_Nas:
'Yar uwa tunda kin ce hawan jini, gishirin ya fi tsorata ni a kan kalori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, sosej biyu kaɗai sun haura giram 1, ga magi, ga shito (miyar barkono) a kan waakye (shinkafa da wake) da rana, ga koobi (busasshen kifi mai gishiri) a miyar dare. In leda ta rubuta sodiyam, ki ninka sau 2 da rabi shi ne gishirin. Salami a bar shi gaba ɗaya, kalorinsa ya ninka na yankakken ƙirjin kaza fiye da sau uku. Kuma a riƙa duba tambarin halal, don na alade yana nan a firij ɗaya da su.

Uwargida_Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba ledar da ke firij yanzu, 340 ɗin ne kuwa. Zan mayar da shi sosej ɗaya da dafaffen ƙwai, sauran ranaku koko da ƙosai kaɗan. Anti, kilishi fa, shi ma yana cikin wannan lissafin?