Ɗakin gwaji ko lambu: wanne ya kamata mai son inganta iri ya fara da shi?

Ɗan Tibiri:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ina shekarar ƙarshe ta lisans a fannin noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kuma burina in zama malamin jami'a mai bincike kan inganta irin albasa da tumatir. Shin in karkata karatuna na gaba ga nazarin ƙwayoyin gado a ɗakin gwaji, ko ga barbara da zaɓen iri a lambu?

Tsohon Mai Bincike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara da lambu, kuma ka san halin shukar da ka zaɓa tun da wuri. Albasa, ko da irin Galmi ce da muke alfahari da ita, sai ta yi kai a shekara ta farko, a sake dasa kan a ta biyu kafin ta yi fure ta ba da iri, don haka shekara uku na digirin dakta ba za su nuna maka zuriya biyu cikakku ba. Tumatir ya fi sauƙin kai.

Ban raina ɗakin gwaji ba. Da ɗan guntun ganye za ka gane, tun kafin dashe, wane tsiro ne ya gaji juriyar cutar nannaɗewar ganye da farin ƙuda ke yaɗawa. Amma na taɓa rainon wani iri da ya haye wannan gwaji, muka kai shi Jiratawa, zafin Afrilu ya kakkaɓe furensa, ɗan abin da ya nuna kuma ya fashe cikin kwando kafin a isa kasuwa.

Malama Mai Koyarwa:
Ƙanena, abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ka tuna cewa ƙarin girma a jami'o'inmu yana bi ta CAMES ne, wato majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, inda ake auna abin da ka wallafa, kuma binciken da ya haɗa sakamakon lambu da na ƙwayoyin gado ya fi samun karɓuwa. Ka nemi horo a tashar INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna kusa da Maraɗi a ranin nan. WACCI, cibiyar inganta irin amfanin gona ta Afirka ta Yamma da ke Jami'ar Gana, wadda aka kafa a 2007, tana ba da digirin dakta a wannan fanni, amma sai ka gyara Turancinka.

Ɗan Tibiri:
Na gode, Malam da Malama. Zan fara da tumatir, albasa ta jira ni.